Waken da Ya Shiga Firamare

A tashar Gagarawa, wata mata da wani dattijo suna jiran mota ta cika.

"Baba, ka ce wake kake nomawa, kuma awon wake zai kai ka Gumel?"

"Na iri ne, 'yar nan. Mai dafa wa 'yan firamarenmu abinci ce ta zo har ƙofar gida ta auna. Ba dillali, ba kuɗin mota. Daɗin ciniki ya ɗebe ni, ko tiya ɗaya ban rage ba."

"To, jikoki me suke ci?"

"Ai duk biyar ɗin na sa su makarantar."

"Masha Allah! Ashe Baba masoyin boko ne."

"Wane boko? Wakena na tura su su bi."