Abin da Aka Sa Mini a Ƙarƙashin Fata

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Ni ce Hannatu ta Kurmin Sarki. Kun san ni da tsawa a Zumuntar Mata, amma yau da kunya na tsaya a gabanku.

Shekara uku ke nan, ina shugabar zumunta, muna canja anko sai na ga tsaga a bayan Saratu, mai buga mana tulu in muna waƙa. Ciwon ƙirji ne ya dame ta, kawunta ya kai ta ƙauye aka tsaga aka shafa magani. Ban tambaye ta ya jiki ba. A gaban mata duka na ce, "Wadda ta sa magani cikin fatarta ba za ta taɓa tulun Ubangiji ba." Ta ajiye tulun ta fita. Daga baya ta koma Lambata tana sayar da doya a bakin titi.

Sai nawa ya zo. Al'ada ta ɗauke mini, zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji har ka, gumi ya jiƙa ɗankwalina ana tsakiyar wa'azi. Barci ya guje ni. Maigidana ko ruwa ya nema sai na hau shi da faɗa. Na yi azumi har na rame, na fara tsoron ko hauka ce ke sallama.

'Yata Rifkatu, wadda take aikin nas a Abuja, ta kai ni wurin wata likitar mata. Likitar ta ce, "Mama, ba aljani ba ne. Akwai sinadarin da jikin mace ke yi, naki ya ragu. Za mu sa miki 'yar ƙwaya a ƙarƙashin fata, ta riƙa narkewa a hankali har wata shida."

Ta ɗan tsaga ƙasan cikina, ta tura abu kamar ƙwayar shinkafa, ta yi ɗinki ɗaya. Cikin mako biyu zafin ya kwanta.

Amma hankalina bai kwanta ba. Duk wankan da na yi, yatsana ya taɓa tabon, sai in ji muryata tana korar Saratu. Wata biyar ana raba Jibin Ubangiji ina miƙa farantin gaba ban ɗauka ba. Ban gaya wa kowa dalili ba.

Wata Talata bayan an tashi zumunta, na durƙusa kusa da tulun na ce, "Ubangiji, in zunubi ne abin nan, ka nuna mini in je a cire." Na daɗe ina kuka. Ba abin da ya zo mini game da ƙwayar, fuskar Saratu kawai nake gani.

Na je na gaya wa fasto kome. Ya ce, "Mama, maganin likita ba tsafi ba ne. Amma kin taɓa tambayar Saratu ko tsafi aka yi mata, ko magani kawai?" Ban taɓa ba.

Na hau mota zuwa Lambata, na durƙusa a gaban tulin doyarta, mutane suna kallo. Ta ɗaga ni ta ce, "Mama, na yafe miki tun tuni. Amma ƙafata ba ta iya shiga ɗakin sujadar nan tukuna." Ta ɗaure mini doya biyu, ta raka ni bakin mota.

Na gode wa Allah da ya kashe mini wutar jiki, ya kuma fasa taurin zuciyata. Halleluya! Wata mai zuwa ƙwayar za ta ƙare, ban san ko zafin zai dawo ba, amma na dogara gare shi, ku ma ku dogara. Yau zan ci Jibi tare da ku. Tulun nan kuwa na roƙa kada a ba kowa. Ku taya ni addu'a har mai shi ta dawo.