Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, Allah ya ƙara maka lafiya. Sunana Lawal, daga wani ƙauye kusa da Makarfi.

Bara, ana cikin murnar samun mulkin kai, na ci jarrabawar wani kwas a Kaduna. A can ake koyar da adana bayanan manoma a kati mai huda, wanda na'ura ke karantawa. Aka ce in koma gida, za a aiko.

Ranar da masinja ya zo a kan keke da takardar kira, duk mazan gidanmu muna gonar rake, Inna ce kaɗai a gida. Ya yi sallama a zaure, ya ce, "Nan ne gidan su Lawal? Ke ce mahaifiyarsa?"

Ni ne ɗan farinta. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma amsa cewa ni nata ne a gaban baƙo. Kunya ta kama ta, ta ce, "Tambaya gaba, malam." Mutumin ya hau kekensa ya tafi. Kafin labari ya iske ni, an ba wani gurbina.

Na bi sawu har Kaduna, da na dawo hannu wofi, na same ta zaune a bakin murhu babu wuta. Ta ɗago ta ce, "Lawal, ka yafe mini." Ranar na fara jin sunana a bakinta, kuma da na san haka zan ji shi, da na gwammace shirunta.

Jama'a, kwas ya wuce, na haƙura. Ku ba ni shawara, yaya zan yi Inna ta daina kuka?