Ladanin da sankara ta kama wa maƙogwaro

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa, barkanka da aiki.

Sunana Malam Sale, ladanin masallacin unguwarmu a Kafin Maiyaƙi. Bara muryata ta dishe, na yi ta shan zuma da citta, amma shiru. A asibitin Kano gwaji ya nuna sankarar maƙogwaro ce. Likita ya ce sai an yi aiki an cire wurin, kuma ba zan ƙara magana kamar da ba.

A shirinku na ji masana suna gwada maganin da ba sai an yanka mutum ba. Na koma asibiti da murnata, likita ya ce, "Baba, ana binciken, amma bai iso mu ba, kuma ciwonka ba ya jira."

Na rasa yadda zan yi. Maiɗakina tana kuka tana cewa, "Malam, kai muke so, ko babu murya." Shi ya sa na rubuto muku.

Don Allah, in akwai wanda aka yi wa aikin nan, ya aiko ya faɗa min yadda yake gaisawa da iyalinsa da safe.