An Sa Ɗiyata Motsa Baki Kawai

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, ina gaishe ka da aiki. Ni ce Hajo daga Illela. Ka yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya a ajin yaƙi da jahilci.

Ɗiyata Asabe tana cikin 'yan makarantar da aka koya wa waƙar tarbar Baturen gunduma da matarsa, masu siririyar murya gaba, masu kauri baya. Wata guda tana wanke rigarta da kanta. Ni kuwa har Kalmalo na aika, yayyena suka zo kallo.

Ranar, ga Asabe a sahun gaba. Muryoyin suka haɗu kamar mutum ɗaya, har tsigar jikina ta tashi. Da aka gama, matar Baturen ta nuna Asabe, ta ce ta rera ita kaɗai. Sai malaminsu ya ce wa tafinta da ƙarfi, "Wagga? Don tsabtarta munka sa ta gaba. Baki kawai na ce ta riƙa motsawa, muryar kwaɗɗin tabki gare ta."

Fili ya kwashe da dariya. Yayata ta zungure ni ta ce, "Hajo, mi munka zo ji?" Don kunya, ni ma na yi dariya. Asabe ta juyo, ta gan ni.

Yau kwana goma sha biyu, ko wajen daka ba ta ƙara waƙa ba, gaisuwa ma da kai take amsa mini. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ba malamin take gudu ba, ni take gudu. Da wane baki zan roƙe ta?