Gurbin Ɗan Fari

A tashar Zinder, shekarar da damina ta ƙi, Mutari ɗalibin iniwarsite yana jiran motar Hamdara, odinatarsa, wato kwamfuta, a cinya. Wata tsohuwa ta zauna gefensa da rabin buhun gero.

"Ɗana, karatun me kake da wannan abu?"

"Tsara bayanai, Inna. Rabon geron taimakon nan ma da tsarin da muka yi a aji ake yinsa. Ba mai karɓa sau biyu. Duk gurbin da ba suna, na'ura ta goge shi da kanta."

"Ashe ku ne! Mu shida ne a gida, aka ba ni na mutum biyar."

"To ba ki faɗi sunan ɗaya ba."

"Na ce musu akwai babban. Suka ce sai sunansa. Ni in kama sunan ɗan farina gaban jama'a? Allah ya kiyaye!"

Mutari ya juyo ya dube ta. "Inna, ko da yunwa?"

"Yunwa ta cinye rumbuna, ba ta ci kunyata ba."

"La'ilaha illallahu! Ke kaɗai kika yi shiru?"

"Ni kaɗai? Layin duk iyaye mata ne, mazan sun tafi ci-rani."

Ya rufe odinatar. Ta ƙare masa kallo.

"Kai na nawa ne a ɗakinku?"

"Na fari."

"To, ka taɓa jin sunanka a bakin gyatumarka?"

Mota ta cika, ana ta kiransa, bai ko motsa ba.