Ƙarfen da ya kwantar da Emeka

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro.

Sunana Sanusi, mai walda a Tudun Wada, Zariya. Ni da maƙwabcina a wurin sana'a, Emeka, mai sayar da kayan babur, mukan ɗaga ƙarfe don motsa jiki da safe a bayan shagona. Irin ɗagawar nan ce da mutum zai sunkuya ya cicciɓo ƙarfen daga ƙasa har ya miƙe tsaye.

Ran nan Emeka ya ce, "Oga Sanusi, ƙara min nauyi, wannan ai na yara ne." Na ƙara masa. Ya sunkuya, bayansa a tanƙware, ya fizga. Sai kawai ya saki ƙarfen ya durƙushe, yana cewa kamar lantarki ya ja shi daga ƙugu har ƙafa.

A asibiti likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ne ya goce ya danne jijiya. Yanzu ko jaririyar 'yarsa ba ya iya ɗauka.

Abin da ya ɗaure min kai, mutumin nan shi kaɗai yake sauke injin babur daga mota, bai taɓa kukan baya ba. To nauyin ne ya yi yawa, ko sunkuyawar ce ba daidai ba? Bel ɗin da wasu ke ɗaurawa a ƙugu, yana karewa kuwa? Don Allah ku gayyato mana likitan ƙashi. Ni dai na kulle ƙarfen sai na ji amsa.

A gaishe min da Emeka a gidansa da ke Kwangila, yana kwance yana sauraro. Allah ya ba ka lafiya, maƙwabci.