Na Bar Nawa, Na Kama Na Inna

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa.

Da dako na fara a Kasuwar Shasha. Yau ina da rumfunan albasa uku da gida a Sabo, ba wanda ya kama mini. Bara na ɗauki mahaifiyata zuwa Umara.

A jirgi ma'aikaciya ta ce in takunkumin numfashi ya faɗo, kowa ya fara sa nasa. Na ce, "Inna, ji rashin tarbiyya! Ɗa ya riga uwarsa?"

Muna can sama iskar jirgin ta zurare, takunkuman suka zubo. Na bar nawa, na kama na Inna. Yatsuna suka mutu, na suma ban ɗaura mata ba. Ga ta da hawan jini, kuma an jima kafin a kai gare ta.

Wata takwas ke nan tana tambayata, "Bawan Allah, kai ɗan wa ne?" Likitoci sun ce rashin iskar ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, sai haƙuri.

Jama'a, ku fara sa naku.

Malam, rediyon na bakin kunnenta. Ka faɗi sunana da ƙarfi, kada ka gajarta: Alhaji Ɗanlami Mai Albasa, ɗan Inna Hajo. Ka maimaita.